Yatsun Da Nake Tafiya Da Su

Ina da shekara uku cutar shan inna ta kama ni a ƙauyenmu, can ƙasar Haɗeja. Tun da na yi wayo da hannu nake tafiya. Da hannu na je makarantar allo, da hannu na hau tirelar shanun da ta sauke ni a Agege a shekarar 1993, da hannun nan kuma na koyi gyaran rediyo da tocila da fanka har na kafa 'yar rumfata kusa da titin jirgi. A gida da cikin unguwa silifas nake zura wa tafin hannu in ja jiki. Idan tafiyar da nisa sai in hau kekena mai tuƙin hannu. Na yi aure, Allah Ya ba mu 'ya'ya biyar, ban taɓa yin bara ba, ba don na fi masu yi ba, sai don Allah Ya haɗa ni da sana'a tun da wuri. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya san irin hannun da zan yi magana a kai a labarina da ciwon suga. Tafinsa kanta ce kamar ƙirgi, bakin yatsun ma haka.

A damunar 2019 ƙishirwa ta sa ni gaba. Sai in shanye ledar fiya wata goma sha biyu kafin la'asar, maƙogwaro na nan a bushe. Riguna suka fara yi mini yawa. Idan na ɗora kan ƙarfen liƙi a kan 'yar waya sai in ga ta zama biyu. Amma abin da ya fi wahalar da ni shi ne fitsarin dare. Gidan da muke haya irin mai ɗakuna a jere ne, ƙofa na kallon ƙofa, banɗaki ɗaya can baya na mutum sama da talatin. Mai ƙafa idan fitsari ya tashe shi zai zura takalmi ya je ya dawo kafin barci ya sake shi. Ni sai na sauko daga katifa, na laluba silifas ɗin hannu, na bi dogon lungu a cikin duhu, ƙasa jiƙe da ruwan wanke-wanken mutane, in dawo in wanke hannu da gwiwa, ban gama bushewa ba ya sake matsa ni. Sau biyar, sau shida a dare ɗaya. Akwai daren da na zauna a tsakiyar lungun na yi kuka, ba wanda ya ji.

Maiɗakina ce ta samo mini galan ta ajiye a gefen katifa. Wata safiya ta ɗauko shi za ta zubar, sai ta tsaya ta ce, "Malam, zo ka gani." Kiyashi ne suka yi layi har bakin galan ɗin. Ta ce haka gwaggonta ta yi kafin a ce mata suga ne. Na ce ta yi shiru, zafin Legas ne kawai. Na ƙara wata biyu ina musu, har wata Juma'a wasu likitoci suka kafa teburi a harabar masallaci suna gwajin suga kyauta. Yaron da ke hudawa sai da ya soke ni sau uku kafin jini ya fito. Na'urar ta nuna 341. Ya dube ni ya ce, "Baba, ranar Litinin ka je asibiti, kada ka ci komai da safe."

A asibiti gwajin safe kafin cin abinci ya nuna 212, alhali daga 126 zuwa sama ake cewa mutum yana da ciwon. Sun kuma yi wani gwajin da ake kira HbA1c, mai nuna yadda suga ya zauna a jini cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Nawa 10.8 ne, su kuma daga 6.5 suke ƙirga ciwo. Nas ta ce in hau sikeli. Na dube ta, ta dube ni. Ɗana na fari, lokacin yana da shekara goma sha bakwai, shi ya goye ni ya hau, aka rubuta, ya sauke ni ya sake hawa shi kaɗai, aka debe nauyinsa. Gadon duba marasa lafiya ya fi ƙarfin hawana, don haka a ƙasa likita ya tsuguna ya duba ni. Ya rubuta mini maganin suga mai suna metformin, ya miƙo wata takarda da aka buga: a riƙa tafiyar ƙafa minti talatin kullum, a sa takalmi mai laushi, a duba tafin ƙafa kowane dare. Ban ce da mugunta ya ba ni ba, mutane sun fi ɗari a bayana suna jira. Takardar ce dai ba a rubuta ta da irina a zuciya ba. Na linke ta na sa a aljihu, na fito ban san ta inda zan fara ba.

Sai bayan kusan shekara guda na faɗa hannun wata likita, 'yar yarinya da ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta ƙarshe ba, ita ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce irin nawa shi ne nau'i na biyu. Jiki yana yin sinadarin insulin daga wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, amma ya daina jin maganarsa yadda ya kamata, sai suga ya taru a jini ya rasa hanyar shiga inda za a ƙone shi. Ta ce tsoka ce ke kwashe mafi yawan sugan da mutum ya ci, manyan tsokokin jiki kuwa a cinya da ƙwauri suke. "Baba, kai naka sun shanye tun kana yaro. Kafaɗunka da damatsanka ne ke wannan aikin." Ta ɗauko tef irin na tela ta auna cikina maimakon sikeli. Sannan ta kama hannayena biyu ta juya su ta daɗe tana kallo, ta ce, "Duk abin da aka ce a yi wa ƙafa, kai ka yi wa waɗannan ma." Daga ranar na fara fahimtar ciwona.

'Yata ta biyu ce ta sayo mini na'urar gwaji, Accu-Chek, a Idumota, da kuɗin adashinta. Ta zo da gwangwanin sitirif hamsin, wato 'yan tsinkayen da ake taɓa wa jini, da wani abu kamar biro mai harba allura. A satin farko na lalata sitirif goma sha ɗaya. In ɗora biron a kan yatsa in danna, in ji ƙas, in duba ba komai. In matse yatsan har ya yi fari, ɗan abin da ya fito bai isa ba, na'ura ta nuna kuskure, sitirif ya tafi a banza, ba a sake amfani da shi. Kowane ɗaya kuɗi ne. Na jefa na'urar ƙarƙashin gado na ce ba da ni aka yi ta ba.

A hankali, ni da yarinyar nan, muka gano hanya. Biron yana da lambobi a wuyansa, su ke ƙayyade zurfin hudar. Masu hannu mai laushi kan tsaya a biyu, ni sai na murɗa zuwa ta ƙarshe. Ban ƙara huda tsakiyar yatsa ba, sai gefensa, kusa da farce amma ba jikinsa ba, nan fata ta fi sirantaka kuma zafin bai kai ba. Babban yatsa da manuni na bar su, su ke riƙe sukudireba kuma su suka fi kanta. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi su ne nawa, hagu da dama, gefe biyu-biyu, wuri takwas ke nan nake zagayawa. Kafin in huda sai an ɗumama ruwa na wanke hannu da sabulu, na goge ya bushe sarai, na saki hannun ƙasa na ɗan lokaci jini ya sauko, sannan in shafo yatsan daga gindi zuwa baki a hankali, ba matsa ba. Sai na sa sitirif a na'ura ta nuna tana jira kafin in danna allura. Wasu na'urorin sun yarda a ɗebi jini a tafin hannu ko a damtse. Tafina dai allura ba ta shigarsa, na damtse kuma likita ta ce yakan makara wajen nuna gaskiya idan suga na hawa ko sauka da sauri, kada in dogara da shi in ina jin jiri.

Wanke hannun nan ba don tsafta kaɗai ba ne. Ranar da na ɓare lemon zaƙi na gwada ban wanke ba, 260 na gani, gabana ya faɗi. Na wanke na sake, 141. Ruwan lemon da ke jikin yatsa na'ura ta karanta. Haka kuma na taɓa barin gwangwanin sitirif a buɗe a rumfa, ƙarƙashin kwano, da zafin rana da danshin Legas, sai lambobi suka rikice har na zubar da sauran. Yanzu a ɗaki yake, cikin akwatin maiɗakina, in na zaro ɗaya in rufe nan take, kuma ina duba ranar ƙarewarsa tun a kemis.

Abin da ba wanda ya gargaɗe ni a kai, sai da ya same ni: na huda yatsa da asuba, minti biyar bayan nan na dafa ƙasa na fita masallaci, an kwana ana ruwa, kwata ta cika ta malalo. Kwana uku yatsan ya kumbura ya tara mugunya. Ciwon mai suga ba ya saurin warkewa, musamman idan sugan na sama. Kwana goma sha biyu ban iya dafa hannun dama ba, wanda a wajena daidai yake da karayar ƙafa. Yarana ke ɗaga ni zuwa banɗaki. Rumfa a rufe, ba shiga sai fita. Allah Ya taimake ni na je asibiti da wuri aka tsaga aka ba ni magani, da na tsaya shafa man zafi da yanzu wani labarin ake yi. Tun daga nan na canza tsari. Ina gwaji ne a lokacin da na san zan zauna wuri ɗaya, in danne wurin da auduga har ya kame, in ba dole sai na fita in naɗa filasta in sa safar hannu mai kauri kafin silifas. Kowane dare maiɗakina na haska tocila ta duba mini tafin hannu, tsakanin yatsu, gwiwoyi, idon sawu da bayan ƙafa inda ke gogar ƙasa, ta shafa basilin inda ya tsage. Shekara biyar ke nan ba ta fasa ba. Allah Ya saka mata da Aljanna.

Tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar naira a 2023, kuɗin gwangwanin sitirif a wajena ya ninka ya wuce. Ba zan iya gwaji kullum ba, kuma likita ta ce tun da ba allurar insulin nake yi ba, ba dole ne ba, in dai wanda na yi yana koya mini wani abu. Sai na riƙa yinsa tagwaye: ɗaya kafin abinci, ɗaya bayan awa biyu da fara ci, in rubuta a littafi tare da abin da na ci. An ce in nemi 80 zuwa 130 kafin ci, ƙasa da 180 bayan awa biyu. Littafin nan shi ya raba ni da abin da na fi so a duniya. Shekara ashirin da shida karyawata ɗaya ce, shayi mai kauri da madarar gwangwani da rabin burodin Agege mai ɗumi. Kafin ci 128, bayan ci 287. Na sake gwadawa wata rana ko kuskure ne, ba kuskure ba ne. Da na koma ƙosai huɗu da shayi ba suga, ko wake da ɗan yankan burodi, ban kai 180 ba. Tuwon shinkafa malmala biyu ya kai ni 250, malmala ɗaya da miyar kuka ko kuɓewa mai yawa da kifi ya tsaya wajen 170. Garin alkamar da kowa ke cewa shi ne abincin masu suga, da na ci da yawa sai ya hau da ni kamar teba. Lemon malt da 'yan dubiya ke kawo wa marar lafiya, wannan kam ko kusa. Ban ce kowa haka jikinsa zai nuna ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na'urar ce kuma ta nuna mini nawa.

Na yi kuskure guda da ya kamata in faɗa. Wani mai maganin gargajiya ya sayar mini da jarkar jiƙo mai ɗaci, ya rantse wata ɗaya zan rabu da ciwon har abada, da sharaɗin in ajiye na asibiti. Na ajiye. Sati uku fitsarin dare ya dawo, na gwada na ga 318. Na koma kan maganina na gaya wa likita gaskiya.

Ranar da na fi tsorata kuwa ba hawan suga ba ne, saukarsa ce. A 2021 an ƙara mini wani magani, glibenclamide, a kan metformin. Wata safiya na sha, na ce zan karya in na dawo, na hau keke zan je sayo kayan gyara. Ina isa ƙarƙashin gadar Pen Cinema sai gumi mai sanyi ya keto mini, hannuwa suka kama rawa, zuciya na bugawa, na kasa juya tuƙin. Na sulalo daga keken na jingina da ginshiƙi. Ina ganin mutane, ina so in ce a ba ni abu mai zaƙi, harshe ya yi nauyi. Na miƙa hannu. Wani ya saka mini naira hamsin ya wuce. Wata ta ajiye ɗari a cinyata. Gurgu ne a bakin titi ya miƙa hannu, me kuma za su yi zato? Ba na jin haushinsu, alheri suka nufa, amma ina iya mutuwa a wurin da kuɗin sadaka a jikina. Wata Bayarabiya mai sayar da lemo a cikin kula ce ta lura da gumin. Ta tsuguna tana tambayata da Yarabanci me ya same ni, na samu na ce "suga". Ta buɗe kwalbar Coke ta kafa mini a baki. Da na ɗan dawo hayyacina na zaro na'ura daga jaka, har lokacin 61 take nunawa. Ta ƙi karɓar kuɗin lemonta.

Likita ta ce duk abin da ya yi ƙasa da 70 haɗari ne, kuma wannan maganin an san shi da haka idan mutum ya sha bai ci abinci ba, balle ya haɗa da aikin ƙarfi. Ta canza mini shi. Ta koya mini cewa in na ji alamar in sha kamar rabin kwalbar lemo, ko cokalin shayi uku zuwa huɗu na suga a ruwa, in jira minti goma sha biyar in sake gwadawa, in ya dawo daidai in ci abinci. Wanda ya suma kuma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi. Yanzu a jakar kekena akwai suga mai ƙwaya a ƙulle cikin leda, a wuyana kuma akwai kati da 'yata ta rubuta da Hausa da Yarabanci da Turanci: ina da ciwon suga, in kun gan ni ina gumi ina rawar jiki ku ba ni abu mai zaƙi, ga lambar ɗana.

Minti talatin ɗin da takarda ta ce, na mayar da shi na hannu. Bayan sallar asuba da ɗan abin karyawa nakan tuƙa keke in zaga unguwa kafin motoci su yi yawa, kwana biyar a mako. Ranar ruwa akwai tsohon tiyub ɗin babur da na ɗaure a ƙarfen taga, in ja in saki har in yi gumi. Kafaɗuna sun fara ciwo, shekara hamsin suna ɗauke da ni, don haka ba na matsa musu. A da ina cikin masu buga ƙwallon guragu a kan katako mai taya, yanzu sai kallo. Da azumi ina yi, bayan na je an daidaita mini lokacin magani. Malamai sun tabbatar mini huda yatsa ba ya karya azumi, likita kuma ta ce in na ga ƙasa da 70 ko sama da 300 in sha ruwa in rama daga baya. Bara sau biyu na sha. Gwajin wata uku na ƙarshe ya nuna 7.4. Ana so in sauko ƙasa da 7, ban kai ba tukuna.

Jihar Legas tana da dokar masu buƙata ta musamman tun 2011, ta tarayya kuma an sa mata hannu a watan Janairun 2019, har da wa'adin shekara biyar na gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga. Wa'adin ya cika, amma har gobe ɗakin da ake ɗibar jinina a saman bene yake, ɗana ke goya ni. Na san guragu da makafi da dama a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da suka daina zuwa asibiti saboda wannan kaɗai, ba don ba su damu da ransu ba. Wani makaho abokina yana da na'ura a gida, sai jikarsa ta dawo makaranta take karanta masa lambar, gwajin safe kuwa ya gagare shi.

Makon jiya wani matashi mai shan inna, mai sayar da albasa a Mile 12, ya zo rumfata da tasa na'urar a leda, wai in duba masa ta lalace tun da ni mai gyara ne. Na kunna ta lafiya lau. Na ce ya ba ni hannunsa, na ga kanta irin tawa. Ya ce ko zan ara masa birona, na ce a'a, ba a haɗa allura ko bironta da kowa, ta nan ake ɗaukar ciwon hanta. Na aiki yaro wajen mai shayi ya karɓo ruwan ɗumi, na murɗa masa nasa biron zuwa lamba ta ƙarshe, na nuna masa gefen ƙaramin yatsa. Jini ya fito a huda ɗaya. Na'urarsa ta nuna 9.1, ya yi murna wai ya warke tun da nawa ɗari da wani abu ne. Na ce tasa da wani ma'aunin take ƙirga, ya ninka da 18, ya zama kusan 164, kuma bai ci komai ba tun safe. Na ɗauko sabon littafi mai shafi arba'in na ja masa layi huɗu, na rana, na lokaci, na abin da ya ci, na lamba. Ya ce, "Baba, ranar Lahadi zan kawo maka ka gani." Na ce ya zo da katinsa na asibiti ma, mu duba yaushe ne ranar komawarsa.